Sakin Magani Bisa Ƙayyadadden Lokaci Daga Kayan da Ke Gina Kansu da Makamashin Sinadari

Tsakure

Wannan takarda ta dubi wani reshe na ilimin sinadarai da bai daɗe da tsirowa ba, inda ake ƙera ƙwayoyin sinadari masu harhaɗa kansu su zama zare, ko ɗigo, ko 'yar jaka, amma ginin ba ya tsayuwa sai ana ciyar da shi da makamashi. Da zarar makamashin ya ƙare, ginin ya rushe, abin da aka ɓoye a cikinsa ya fito. An bi diddigin ayyukan da aka yi a Holan, Jamus, Amurka, Italiya da Isra'ila tsakanin 2010 da 2020, aka auna su da hanyoyin sakin magani da asibitoci ke amfani da su tun tuni. Takardar ta tsaya a kan cewa sabon abin da fannin ya kawo shi ne iko da lokaci, kuma mafi ingancin sakamakonsa ya fito ne daga rushewar ginin. Ta kuma nuna cewa makamashin da ake aiki da shi a ɗakin gwaji shi ne babban shingen da ke tsakanin wannan bincike da jikin majinyaci.

1. Matsalar da ake son warwarewa

Kowane magani yana da iyaka biyu a cikin jini. In ya gaza ta ƙasa ba ya aiki, in ya haura ta sama ya zama guba. Mutumin da ke haɗiyar ƙwaya sau uku a rana yana ta hawa da sauka ne tsakanin iyakokin nan, kuma wani lokaci yakan tsallake su duka biyun a yini guda. Burin masu ƙera magani tun shekarun 1960 shi ne a sami abin da zai riƙa zubo magani kaɗan-kaɗan, da gudu ɗaya, daga farko har ƙarshe.

Abin ya yi wuya ne saboda yadda sinadari ke ratsa abin da aka cusa shi a ciki. A 1961 Takeru Higuchi ya fitar da lissafin da har yau ake koyar da shi a tsangayoyin haɗa magunguna: idan magani yana fitowa ta hanyar ratsawa kawai, sai an jira ninki huɗu na lokaci kafin abin da ya fito ya ninka sau biyu. Wanda ke bakin gaɓa yakan fito da sauri, na can ciki kuwa tafiyarsa ta yi tsawo. Don haka farko ambaliya, ƙarshe ɗigo. Ashanar fata da mata ke sawa a dantse don tazarar haihuwa misali ce da kowa ya sani a asibitocinmu. Implanon tana farawa da sakin kimanin maikurogiram 60 zuwa 70 a rana, kafin ƙarshen shekara ta uku ta sauko zuwa 25 ko 30. Tana aiki sarai, domin an yi lissafin yadda ko a ƙarshen ba za ta gaza iyakar ƙasa ba, sai dai gudun ba ɗaya ba ne.

An sami dabarun kauce wa wannan. A 1975 Felix Theeuwes ya bayyana ƙwayar da ke shan ruwan hanji ta wata fata, matsin ruwan ya riƙa turo magani ta ƙaramin rami da gudu kusan ɗaya. A 1976 Robert Langer da Judah Folkman suka nuna cewa ana iya sakin manyan ƙwayoyi irin furotin daga cikin roba na tsawon lokaci. A 1996 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da Gliadel, wani ɗan faifai da ake ajiyewa a ƙwaƙwalwa bayan an cire ƙari, yana narkewa daga waje yana sakin maganin kamustin. Ina roƙon mai karatu ya riƙe sunan Gliadel, domin sinadarin da aka yi shi da shi, wato anhaidirayid, shi ne zai sake bayyana a tsakiyar wannan takarda. Duk waɗannan kaya suna da hali guda: an gina su a masana'anta, aikinsu a jiki shi ne su ƙare. Ba sa sake ginuwa, ba sa tsayawa su ci gaba.

2. Abin da tantanin halitta ke yi

Harhaɗa kai ba sabon abu ba ne a ilimin sinadarai. Sabulu a ruwa yana tattaruwa ya yi ƙananan dunƙule ba tare da kowa ya jera shi ba, saboda a nan ne ƙwayoyinsa suka fi samun natsuwa. Irin wannan gini yana zaune a daidaito: ba ya cin komai, kuma zai daɗe a haka muddin yanayi bai sauya ba. George Whitesides da Bartosz Grzybowski, a maƙalarsu ta 2002 a mujallar Science, sun ware shi daga wani nau'in na daban, wanda ba ya wanzuwa sai ana kashe kuzari a kansa.

Jikin mai rai cike yake da nau'i na biyu. Maikurotubul, bututun da faɗinsa bai wuce nanomita 25 ba, shi ne ke jan kuromosom zuwa gefe biyu lokacin da tantani zai rabu. Tubalinsa furotin ne mai suna tubulin. Idan tubulin ya riƙe sinadarin GTP yakan manne da 'yan'uwansa, bututun ya tsawaita. Bayan ya shiga gini sai GTP ɗin ya tsinke ya koma GDP, tubalin ya daina son zama a wurin. A 1984 Tim Mitchison da Marc Kirschner suka gano cewa a cikin ruwa ɗaya, a lokaci ɗaya, wani bututu na tsawo wani na zubewa. Ga ido wannan ɓarnar makamashi ce. Amma da ita tantani yake sayen abin da ginin daidaito ba zai taɓa ba shi ba, wato ikon ya ce a gina a nan yanzu, a rushe can anjima.

Tsarin da masana sinadarai suka kwaikwayo yana da ƙafa biyu. A ƙafar farko, makamashi yana haɗuwa da tubalin da ke narke a ruwa, ya sauya shi zuwa siffar da ke son tattaruwa, shi kuma makamashin ya zama shara. A ƙafa ta biyu, wani abu na daban, ruwa ko enzayim, yana mayar da tubalin siffarsa ta asali. Dole hanyoyin biyu su bambanta. In hanya ɗaya ce ake zuwa a dawo ta cikinta, to daidaito ne kawai aka ɗan karkatar.

3. Daga Delft zuwa Munik

Gwajin da aka fi dangantawa da buɗe wannan fage an yi shi ne a Jami'ar Fasaha ta Delft a ƙasar Holan, aka wallafa a 2010. Job Boekhoven, Rienk Eelkema, Jan van Esch da abokan aikinsu sun ɗauki wani sinadari da aka samo daga sistin, mai hannu biyu na kaboksilet. Hannayen suna ɗauke da caji iri ɗaya, don haka ƙwayoyin na korar juna, suna zaune a narke. Da aka zuba metil ayodayid, sai ya toshe cajin ta hanyar mayar da hannun esta, ƙwayoyin suka jeru suka zama zare. Ruwa mai kaifin alkali kuma ya riƙa tsinka estar a hankali har zaren ya watse. A 2015 suka maye gurbin makamashin da daimetil salfet, wanda ya fi sauri, suka sami jel mai daskarewa ya narke da kansa, kuma a ƙarƙashin madubin ƙara girma aka ga wasu zaruruwa na tsawo wasu na zubewa, kamar dai maikurotubul.

Babu wanda zai kai waɗannan kusa da majinyaci. Metil ayodayid da daimetil salfet guba ne masu taɓa DNA. Darajar aikin ita ce ya tabbatar abin na yiwuwa.

Matakin da ya kusanto da fannin ga sakin magani ya zo a 2017. Rukunin Boekhoven, wanda a lokacin ya koma Jami'ar Fasaha ta Munik a Jamus, da rukunin Scott Hartley na Jami'ar Miami ta jihar Ohayo a Amurka, kowanne a nasa ɓangaren, suka yi amfani da EDC, ɗaya daga dangin kabodayimayid. EDC yana sa hannayen kaboksilet biyu su haɗe su zama anhaidirayid, caji biyu su ɓace a lokaci guda. Anhaidirayid kuwa ba ya jimirin ruwa, nan da nan yake tsinkewa ya koma yadda yake. A takardar Marta Tena-Solsona da abokanta a mujallar Nature Communications, ɗan sauyi a jikin tubalin ya ba da kaya iri uku: jel na wucin gadi, tawada mai goge kanta, da ƙananan dunƙule masu haɗiye sinadaran da ba sa son ruwa su sake su daga baya. Yawan EDC da aka zuba shi ke yanke tsawon ran kowannensu. An kuma nuna cewa in an ƙara makamashi, ginin yakan dawo, har sau da dama.

A nan ne bambancin yake da abin da aka saba kira kaya masu amsa kira, irin waɗanda ke fashewa idan tsami ko zafi ya sauya. Waɗancan suna jiran wani daga waje ya ba su umarni na biyu. Wannan kuwa umarni ɗaya ake ba shi tun farko, lokacin rushewarsa na rubuce a cikin adadin makamashin.

4. Ɗigon da ke kare kansa

A ganina mafi amfanin abin da fannin ya gano ya zo ne daga wani abu da bai yi daidai da lissafin farko ba. Anhaidirayid da ke narke a ruwa yana tsinkewa bisa ƙa'idar da aka sani: in yana da yawa ya tsinke da sauri, in ya ragu gudun ya ragu. Amma a 2018 Benedikt Rieß da abokan aikinsa a Munik suka nuna cewa idan anhaidirayid ɗin ya tattaru ya zama dunƙule ko ɗigo, yakan daɗe fiye da yadda aka zata, kuma raguwarsa kan miƙe sak, kullum adadi ɗaya a kowane minti.

Dalilin mai sauƙi ne, yana da kyau a tsaya a kansa. Ruwa ba ya shiga cikin ɗigon mai, don haka abin da ke ciki ya tsira. Wanda ruwa ke iya tsinkawa shi ne ɗan kaɗan ɗin da ya narke ya fito waje. Shi kuma wannan kaɗan ɗin yana da iyaka, gwargwadon abin da ruwan zai iya ɗauka. Duk ƙwayar da ta tsinke, wata ta fito daga ɗigon ta maye gurbinta. Wanda ya taɓa jiƙa dunƙulen kanwa a kwano ya san haka: idan ruwan ya ƙoshi, ƙarfinsa ba ya ƙaruwa don dunƙulen babba ne, ba ya raguwa don ya ƙanƙance, muddin dai akwai saura a ƙasan kwanon. Tunda adadin da ke narke bai sauya ba, gudun tsinkewar ma ba zai sauya ba, har ɗigo na ƙarshe ya ɓace.

Daga nan mai ƙira ya sami linzami biyu da ba sa taɓa juna. Gudun ya dogara ga yadda man ke narkewa a ruwa, wannan kuma ana gyara shi ta tsawaita ko gajarta jelar kabon da ke jikin ƙwayar: jela mai tsawo ba ta son ruwa, narkewa ta ragu, gudu ya ragu. Tsawon lokacin kuwa ya dogara ga yawan man da aka zuba. A ninka man sau biyu, lokaci ya ninka sau biyu, gudun na nan yadda yake. A tsarin Higuchi ba a samun haka, domin can da ka ƙara yawan magani ka taɓa gudun fitarsa.

A 2020 Caren Wanzke da abokanta a Munik suka kai wannan ga magani, a mujallar Materials Horizons. Sun zuba ɗigon man anhaidirayid a cikin jel, suka narkar da magungunan da ba sa son ruwa a cikin ɗigon. Jel ɗin yana riƙe ɗigon a wuri guda. Yayin da man ke raguwa da gudu ɗaya, mazaunin maganin na ƙanƙancewa, yana fitowa shi ma da gudu ɗaya. Magunguna da yawa da ake ƙirƙirowa yau ba sa narkewa sosai a ruwa, saboda haka wannan ba ƙaramin rukuni ba ne.

Sai dai akwai abin da ya kamata a faɗa a fili. A irin wannan tsari ana iya haɗa man anhaidirayid a kwalba tun kafin a zo, a zuba magani, a bar ruwa ya yi aikinsa. Ba a buƙatar EDC a jiki ko kaɗan. Abin da ke aiki shi ne ƙafa ta biyu ta zagayen, kuzarin kuwa an riga an adana shi a cikin man. Ta wannan fuska ɗigon Munik ɗan'uwan Gliadel ne, dukansu anhaidirayid ne da ruwa ke ci. Bambancin shi ne Gliadel daskararre ne da ke zaizayewa daga fuskarsa, gudunsa na da alaƙa da faɗin fuskar, shi kuwa ɗigon gudunsa na bin abin da ruwa ke iya ɗauka. Ban ɗauki wannan a matsayin naƙasu ba. Binciken zagaye mai cin makamashi ne ya tono ƙa'idar, kuma da aka cire makamashin daga lissafi sai aka rabu da guba da shara a lokaci guda. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a riƙa tallata sakamakon da sunan kaya masu kama da rai, alhali majinyaci ba ruwansa da kamannin, gudun fitar maganin ne damuwarsa.

5. Inda cikakken zagaye ke da rana

Akwai aikin da rabin zagaye ba zai iya ba: a saki, a tsaya, a sake saki. Jiki da kansa haka yake yi da insulin da wasu homon, bugu-bugu yake fitar da su, kuma wasunsu in aka ba da su ba yankewa sai jiki ya daina saurarensu.

A Jami'ar Padova ta Italiya, rukunin Leonard Prins ya wallafa a 2016 wani tsari da ATP ke tuƙawa. Wani sinadari mai kama da sabulu, mai ɗauke da zink a kansa, ba ya tattaruwa shi kaɗai a adadin da aka zuba. ATP mai tarin caji yana zuwa ya ɗaure kawunansu, su zama 'yan jakunkuna. A cikin ruwan akwai enzayim afires da aka samo daga dankalin turawa, yana daddatsa ATP, jakunkunan su watse. Yawan enzayim shi ke ƙayyade daɗewarsu.

Aikin da ya fi burge ni a wannan sashe shi ne na Erica Del Grosso da Francesco Ricci na Jami'ar Tor Vergata a Roma, tare da Prins, a 2018 da 2019. Sun ƙera zaren DNA mai naɗewa ya riƙe wata ƙwaya, ATP ko hodar iblis a gwajinsu. Makamashin gajeren zaren RNA ne: yana manne wa DNA ɗin, ya tilasta masa sakin kayansa. Enzayim RNase H kuma yana cin RNA ne kawai idan ya same shi manne da DNA. Da ya cinye shi, DNA ya koma siffarsa ya sake kama kayan. Wato ƙwayar tana fitowa na ɗan lokaci ne, a janye ta, kuma ana iya maimaitawa. Babu wani daga cikin kayan da na ambata a sashe na farko da ke iya janye abin da ya riga ya saki.

Haske ma makamashi ne, kuma ba ya barin shara. A Cibiyar Weizmann ta Isra'ila, rukunin Rafal Klajn ya nuna a 2016 cewa ƙananan ƙwayoyin zinare da aka lulluɓe da azobenzin suna cunkushewa a ƙarƙashin hasken ultarabayolet, su kama wasu sinadarai a ramukan da ke tsakaninsu, hasken da ido ke gani kuma ya watsa su. An yi gwajin ne a cikin toluwin, kuma irin wannan haske ba ya ratsa fata da nisa, don haka amfaninsa ya fi kusa da masana'anta.

6. Shingayen da ke gaba

Na farko shi ne makamashin kansa. EDC ba baƙo ba ne ga masu binciken furotin, da shi suke ɗinke furotin da furotin. A cikin jini ba zai tsaya neman tubalin da muka tanadar masa ba, duk kaboksilet ɗin da ya tarar zai kama. Shararsa, wani nau'in yuriya, tana taruwa da kowane zagaye har ta dagula ginin, haka ma AMP da fosfet a tsarin Padova. A ɗakin gwaji zagaye na raguwa da ƙarfi bayan 'yan maimaici. Tantani yana da hanyar kwashe shararsa ya sabunta makamashinsa, kwalbar gwaji ba ta da ita.

Jini kuma ba ruwan gwaji ba ne. Tsarin EDC an fi gudanar da shi a ma'aunin tsami na kusan 6, jini kuwa yana tsare tsakanin 7.35 da 7.45, kuma yana da ƙarfin mayar da duk wanda ya nemi karkatar da shi. Wannan ya shafi wani rukunin kaya da ban yi dogon bayani a kansu ba, waɗanda ke amfani da enzayim yuriyes don sauya tsami a hankali, irin ayyukan Andreas Walther a Jamus da Jan van Hest a Holan. Agogon da ke tafiya da sauyin tsami zai sha wuya a inda tsami ba ya sauyawa.

Mafita mafi ma'ana, a ra'ayina, ita ce a daina shigo da makamashi daga waje, a ƙera kayan da za su ci wanda jiki ke da shi. A cikin tantani ATP yana kaiwa milimola 1 zuwa 10. A wajen tantani, a lafiyayyen nama, kaɗan ne ƙwarai, amma a kewayen ƙarin kansa yakan kai ɗaruruwan maikuromola. Jiki yana da nasa enzayim, CD39 da CD73, masu daddatsa ATP na waje har ya zama adenosin. Ke nan ƙafafun zagayen biyu suna nan a shirye, ƙoda da hanta kuma na kwashe shara. Sukarin jini ma haka yake ga mai ciwon suga. Farashin wannan hanya shi ne likita ya rasa linzamin da aka yi ta murna da shi, domin yanzu ba shi ke auna makamashin ba, jikin majinyaci ne, kuma majinyata biyu ba za su zo daidai ba.

Akwai shinge na ƙarshe da takardun Turai ba su cika tsayawa a kansa ba, mu kuwa ya shafe mu kai tsaye. Duk agogon da aka gina a kan gudun haɗuwar sinadarai yana tafiya da zafi. Ƙa'idar da ɗalibai suka sani ita ce ƙarin digiri 10 yakan kusan ninka gudu sau biyu. A cikin jiki ba matsala, kusan digiri 37 ne kullum. Amma kafin magani ya shiga jiki sai ya kwana a sito da kantin magani, kuma a Sakkwato, Maiduguri ko Damagaram zafin watan Afrilu yana haura digiri 40, damina kuma ta zo da laima. Anhaidirayid da laima ba sa ga maciji. Man da ya sha raɓa a kwalba ya fara ƙidayar lokacinsa tun bai bar kanti ba, kuma tunda tsawon aikinsa na bin yawan man da ya rage, maganin kwana uku zai iya zama na kwana biyu ba tare da kamanninsa sun sauya ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da ma'aunin gwajin ajiya na ƙasashe masu zafi da laima, digiri 30 da laima kashi 75 cikin ɗari. Wannan gwaji ba ya buƙatar manyan na'urori: akwatin da ke riƙe zafi da laima, da na'urar auna sinadari irin wadda tsangayoyin haɗa magunguna na jami'o'inmu ke da ita. Ina ba da shawarar a ɗauki man anhaidirayid masu jela daban-daban, a ajiye su a wannan yanayi wata uku zuwa shida a mazubai iri-iri, sannan a auna yadda gudun saki da tsawonsa suka sauya idan an kwatanta da sabon haɗi.